Asabe Ba Sunanta Ba Ne

Salamu alaikum, mata 'yan'uwana, musamman ku da kuke irin zaman da na yi. Maza ma in kun ga dama ku karanta, don da hannunku dumu-dumu a ciki. Ba tausayi nake nema ba, kuma mai shirin yi mini wa'azi ya adana abinsa, na ji wanda ya fi nasa zafi. Labarin jinyar ƙawata zan ba ku, wadda na yi wa wanka da hannuna tana raye, na kuma yi mata tana gawa. Allah ya jiƙanta, ya sa wuyar da ta sha ta zame mata kaffara.

A wani gida muka zauna a Yelwa, bayan tasha, ba nisa da bakin ruwa. Wanda ya san garin ya san irin gidan, ba sai na yi kwatance ba. Mai gidan muna ce mata Magajiya, tsohuwar 'yar duniya ce, kuma dokarta ɗaya ce da ba ta wasa da ita: ba a tambayar mace sunanta na yanka, ba a tambayar garinsu. Ranar da kika shigo gidan, sunan ranar za a laƙa miki. Ni ranar Talata na zo, na zama Talatu. Ita kuwa ranar wata Asabar ta sauka daga motar Wara da 'yan kayanta a leda, Magajiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To, mun yi Asabe." Mu a ganinmu dokar nan rufin asiri ce, in faɗa ya haɗa ki da wata ba ta san inda za ta kai tseguminki ba. Babu wadda ta taɓa tuna ranar da za ta kwanta ta kasa tashi.

Ɗakinta na jikin nawa. Na girme ta, don haka Yaya take ce mini. Yarinya ce mai dariya, mai tsokana, in ta ga na tashi da fushi sai ta leƙo ta ce, "Yaya, wa ya taɓa mana ke yau, mu je mu rama?" Abu ɗaya ne kowa ya sani game da ita. Duk sallah in ta matso sai ta sayi atamfa da 'yan takalman yara, ta zumbula hijabi har ƙasa, ta ɗaura niƙabi, ta ɓace. Bayan sallah ta dawo da ƙoshin dariyarta. Ba mu tambaya ba, doka ce.

Ranar kasuwa ita ce ranar aikinmu. Masunta sun sayar da kifi, direbobin jirgin ruwa sun sauke lodi, 'yan albasa sun karɓi ciniki, ga samarin da ke haƙar zinare can wajen Ngaski, masu kashe kuɗi kamar ba su san zafin nemansu ba. Roba, kwaroron nan na maza, muna da ita, wasu mata ma'aikatan lafiya kan kawo mana kyauta. Amma samunta daban, sa ta daban. Mutum zai ce in babu ita zai ninka miki, ke kuma ruwan sama ya hana kasuwa ci, ga Magajiya na jiran na ɗaki. Wani ya sha ƙwaya ido jajur, kina matsa masa sai ki ji mari. Sannan duk sanda aka kawo samame, robar da aka gani a jakarki ita ce shaidar da za a kafa miki, har wasunmu suka daina ajiye ta ɗungurungum.

Abin da ya fi cin mu shi ne wanda muke kira na gida. Namiji in ya daɗe yana zuwa wurinki, yana riƙo miki kifi, yana tambayar yaya kika kwana, ya zama na gida, kuma nuna masa roba zagi ne. Na gidan Asabe wani direban jirgi ne, Garba, ƙaƙƙarfa mai fara'a. Jirginsa na bin kasuwannin bakin tafki ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya san duk inda ya ɗaure jirgi akwai ɗakin da yake na gida a cikinsa. Na gaya mata. Ta ce, "Haba Yaya, ke dai ba ki son ganin mutum cikin daɗi. Dube shi fa, wanga ya yi kama da mai ciwo?" Bai yi kama ba kam, na ƙyale ta.

Muna kuma da namu likitancin na jahilci. Kafso ja da rawaya, a haɗiya kafin kasuwa, a haɗiya bayan kasuwa, wai yana wanke duk abin da aka zuba miki. Sai matsi. Alif ɗin nan da ake tace ruwa da shi, a daka shi da bagaruwa, a yi tsarki da shi ko a cusa, don maza sun fi son wuri a bushe a tsuke. Yana yanka, yana raɗaɗi, mu ce ai alamar yana aiki ke nan. Asabe ta fi kowa yinsa a gidan, har nakan ce mata wata rana za ki ɗinke kanki gaba ɗaya mu huta.

Farkon damina abin ya soma. Ruwa mai wari, ƙaiƙayi, zafi in za ta yi fitsari. Wa zai ɗaga hankali a kan wannan? Sanyi ne, kowace mace a gidan ta yi shi ta gaji. Ta ƙara yawan kafso. Mako na zagayowa wasu ƙuraje suka fito mata a gaba, suka fashe suka zama gyambo. Ta je kemis aka yi mata allura, gyambon ya ɗan kame, ta koma aiki tun bai rufe ba. Na ce ta huta, ta ce babbar sallah na tafe, ba ta haɗa kayan tafiya ba.

Daga nan sai zazzaɓi, kullum da yamma kamar mai zuwa karɓar bashi. Sai zawo. Sai tari. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ta har ya yi saura. A nan ne kowa ya zama likita. Mai kemis ya ce taifot ne da maleriya, ya zo har ɗaki ya rataya mata ƙarin ruwa a ƙusar labule. Laraba, wata 'yar gidanmu mai bakin tsiya, ta ce shawara ce, ta dafo mata saiwoyi masu ɗacin bala'i. Magajiya ta ce sammu ne, kasuwar yarinyar ce ta tsone wa wata ido, aka kawo turare aka lulluɓe ta da bargo tana tari kamar ranta zai fita. Ni kaina na sayo mata jarkar maganin sanyi wajen masu lasifika a mota, waɗanda ke rantsuwa da Allah cewa yana kashe cuta iri-iri. Tir da su. Ta sha ta yi ta amai, jarkar na nan har na bar gidan.

Sallah ta zo ta wuce tana kwance, kayan da ta fara tarawa suna ƙarƙashin gado. Ranar ta juya fuska bango, ko ruwa ba ta karɓa ba.

Na yi na yi da ita mu je asibiti, ta ƙi. Na ce ke wace irin mai taurin kai ce? Ta ce, "Yaya, duk mutanen ƙauyukan tafki nan suke zuwa asibiti. In wani na garinmu ya gan ni tare da ku fa?" Kalmar "tare da ku" ta yi mini ciwo, amma na san gaskiya ta faɗa. Haka muka yi ta jan ƙafa har wata rana da tsakar rana na ji faɗuwar abu a makewayi. Na same ta a ƙasa, ta ɓata jikinta, tana kuka ba sauti. Ban ƙara neman shawararta ba. Na wanke ta, na ɗaura mata niƙabinta tunda shi ne damuwarta, na kira mai Keke.

Mun isa da sassafe washegarin da aka ce mu dawo, don ranar farko likita ya riga ya tashi. Layi har bakin ƙofa. Na shimfiɗa mata zani a ƙasa ta kwanta, kanta a cinyata, masu wucewa na tsallake ƙafarta. Da muka kai tagar kati aka ce suna, na ce Asabe. Aka ce Asabe wa? Na dube ta, ta rufe ido. Haushi ya sa na ce Asabe Garba, in ya so ko a takarda ya ɗauki nauyinta. Wata 'yar ma'aikaciya da ba ta kai ƙanwata ba ta gane ni, ta ɗaga murya ta ce wa ta kusa da ita, "Matan bayan tasha ne." Duk layin suka juyo. Wallahi da ba don majinyaciya na hannuna ba, da ta san ta taɓo Talatu. Na bar ta da Allah.

Amma a asibitin nan ne kuma na haɗu da Sista, wata babbar ma'aikaciyar jinya, mutuniyar wajen Zuru, Kirista, mai furfura a gaban goshi. Ba ta tambaye mu daga ina ba. Ta kama Asabe da hannunta ta kai mu wani ɗan ɗaki, ta rufe ƙofa, ta yi mana bayani a hankali, ta soki ɗan yatsanta. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke ma kawo hannunki, 'yar'uwa." Na ce ni lafiyata ƙalau. Ta ce ta sani, in kawo dai. Ba a daɗe ba ta zauna ta gaya mana. Ƙanjamau, mu duka biyun. Asabe ba ta yi kuka ba, ni ce na yi ta rusa ihu, ita tana bubbuga bayana da wannan hannun nata da ya koma ƙashi.

Likitan saurayi ne, a gajiye, bai cika ɗaga kai ba. Da ya duba ta ya ga tabon gyambunan, ya tambayi abin da muke sawa, na faɗa masa. Maganarsa har yau tana kunnena. Ya ce, "Cutar nan ƙofa take nema. Duk gyambon da kuka bari, duk tsagar da alif ya yi, kun buɗe mata ne. Kafson da kuke sha kuwa ko kallonsa ba ta yi." Ya ce ni garkuwar jikina da sauranta, in na riƙe magani zan tsufa. Ita kuwa tata ta kusa ƙarewa, ga tarin fuka ya shiga. Na ce to za ta tashi? Ya ce, "Za mu yi ƙoƙari. Da dai kun zo tun tana tafiya da ƙafarta."

Aka ba mu gado. An ce maganin kyauta ne, kuma gaskiya ne, na ƙanjamau da na tari ba mu biya ko sisi ba, Allah ya saka wa waɗanda suka tsaya aka yi haka. Sai dai ba a gaya maka cewa duk abin da ke kewaye da maganin na saye ne. Hoton ƙirji, ledar ƙarin ruwa, allura, safar hannu, auduga, gwajin wannan, gwajin wancan. Makon farko matan gida suka yi karo-karo, har Laraba mai bakin tsiya ta kawo nata, ba zan ci haƙƙinta ba. Mako na biyu fankarta da talabijin suka tafi. Wayarta ita da kanta ta ce a sayar, ta cire layin ta karya shi a gabana. Daga baya 'yan kunnena suka bi, sannan katifarta. Masu zuwa dubiya kuma suka fara raguwa tun da labarin sunan ciwon ya isa gida, kowace na tsoron kada a ce ita ma a gwada ta.

Garba ya zo sau ɗaya. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin, ya hango ta, na ga fuskarsa ta sauya. Na bi shi waje na ce ya taimaki kansa da matansa ya je a gwada shi. Ya ce, "Ke, kada ki ɗora mini jakar tsaba. Ita ta san inda ta kwaso abinta." Ya ce zai je sayen man jirgi ya dawo. Har yau yana sayen man. Ina jin labari jirginsa na nan na zagaya kasuwanni, kuma bai fasa zama na gida a ko'ina ba. Da aka ce jininta ya yi ƙasa sai an ƙara mata, wani mahauci da muke sayen nama wurinsa ne ya zo ya bayar, bai taɓa shiga ɗakinta ba, bai kuma nemi godiya ba. Allah ya rufa masa asiri duniya da lahira.

Wanda bai yi jinyar mai zawo ba kada ya ce ya san jinya. Wanki nake tun safe a bayan ɗakin, kafin wannan zani ya bushe wancan ya ɓaci. Bakinta ya yi fari fat har maƙogwaro, kunu ma sai na sirka shi ya zama ruwa, in ɗiga mata da cokali, ta haɗiya tana hawaye. Ƙwayar magani sai na daka. Ƙugunta ya soma salewa saboda kwanciya, Sista ta koya mini yadda zan riƙa juya ta, ina shafa mata man kaɗanya. Ni ma a lokacin na fara shan nawa maganin, yana juya mini kai kamar na hau jirgi ranar iska, amma wa zan gaya wa? Abin da ya fi ci mini rai lokacin dubiya ne. Kowane gado ya cika da dangi, kwanukan tuwo, flas na shayi, ana sannu ana addu'a. Namu gadon ni kaɗai. Wata tsohuwa mai jinyar surukarta ta tambaye ni, "Wai baiwar Allah nan ba ta da kowa?" Na ce ga ni kina gani. Tun daga ranar takan ɗebo mana miya a murfin kwano.

Akwai makon da na sa rai. Zawon ya tsaya, ta zauna da kanta, har ta ce na yi muni, in je in yi kitso kada a ce ni ce majinyaciyar. Na yi dariya har da hawaye, na fita na sayo mata lemo. Ashe ban kwana ciwon yake mana da sauƙi. Sai ciwon kai ya zo, irin wanda take riƙe ƙarfen gado tana cije leɓe, ko hasken taga ba ta so. Likita ya ce ana bukatar a ɗebi ruwa a ƙashin bayanta, kuma maganin da ake nema sai babban asibitin birni. Da me za mu je? Ba abin da ya rage sai kayan jikinmu. Ya ja ni gefe ya ce, "Ki nemo danginta. Ba don kuɗi kaɗai nake faɗa ba." Na gane abin da yake nufi.

Na tafi bakin ruwa na bi direbobin jirgi ɗaya bayan ɗaya. Duk sun san Asabe, babu wanda ya san inda take zuwa. Ashe ba ta taɓa hawa jirgi a Yelwa ba in za ta gida, sai ta shiga mota zuwa Wara, can ta hau da niƙabinta cikin matan ƙauye. Tungayen masunta da ke bakin tafkin nan da tsibiransa wa ya san iyakarsu? Na je wajen Magajiya, ta ce, "Ni na kafa dokar, kina ganin zan karya ta in tambaya?" Na ce to ga ranar dokarki ta zo. Ta sunkuyar da kai.

Na dawo bayan la'asar na tarar an yi mata allura, kan ya lafa, idonta tar. Na zauna na kama hannunta na ce, "Asabe, don girman Allah ki gaya mini garinku da sunan mahaifinki."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ina da ɗiya, Yaya. Bana ta fara famfara. Tana wurin Innata. Ubanta ruwa ya ci shi tana goye."

Na ce, "To ai shi ne. Ki bari in ɗauko su."

"Ki ɗauko su su ga mi? Inna ta san ina sayar da atamfa a kasuwar Yelwa. Duk garin haka suka sani. In ta zo za ta tambayi ɗakina. Za ta tambayi sunan ciwon. Jirgin da zai mai da ita, kafin ya isa labari ya riga ta."

Na ce uwa ce fa, uwa ba ta ƙin ɗanta. Ta ce, "Ba Inna nake ji ba, ɗiyata nake ji. Yanzu ɗiyar mai atamfa ce. In aka sani, ko ɗiban ruwa ta je sai an nuna ta, in ta girma ba mai zuwa ƙofar gidanmu. Ni na riga na ƙare. Ita ba ta fara ba."

Raina ya ɓaci, na fara faɗa ina kuka. Na ce kin fi son su zauna suna duban ruwa, duk jirgin da ya taho su ce ke ce? Kin fi son yarinyar ta tashi tana cewa uwarta ta yar da ita? Ta ce, "Awo. Gara ta ji haushina da ta ji kunyata." Sai ta jawo hannuna ta ɗora a ƙirjinta ta ce in rantse, ko bayan ranta, ko da Allah ya haɗa ni da su, ba zan faɗa ba. Na ce ba zan rantse ba. Ta ce to ba za ta ƙara haɗiyar magani ba, kuma na san za ta aikata. Na rantse.

Bayan wannan ba ta ƙara magana mai ma'ana ba. Wuyanta ya sanƙare, tana ta sambatu, wani lokaci da wani yare da ban taɓa jin ta yi ba. Ina ɗiga mata ruwa, ina yi mata kalmar shahada a kunne. Wata safiya da hantsi, na dawo daga shanya, na tarar Sista a tsaye ta ja labule. Ta rungume ni a gaban kowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da aka kawo gawar gida, matan unguwa ba wadda ta leƙo. Ni da Magajiya muka yi mata wanka, Sista ta ba mu safar hannu ta gaya mana yadda za mu yi. Limamin masallacin tasha, Allah ya ƙara masa daraja, bai yi mana wulaƙanci ba. Ya aiko a tambayi sunanta da na mahaifinta. Muka tsaya cirko-cirko, mata cike da tsakar gida, shekaru muna ci a kwano ɗaya da ita, babu mai amsa. Da aka gaya masa sai ya ce wanda ya halicce ta ya san ta, a fito da ita. 'Yan dako da 'yan kamasho ne suka sallace ta suka ɗauka. Mata ba sa bin gawa, don haka ko kabarinta ban san wanne ne ba.

Na bar gidan. Yanzu kifi nake soyawa a bakin kasuwa, ina shan maganina kullum, na yi ƙiba har ana ce mini Hajiya. Ciwo ɗaya ne da ni da ita, wannan ne ke hana ni sakewa. Ku da kuke ciki har yanzu, ban isa in ce ku fita ba, na san abin da ya kai kowace. Amma kafso ƙarya ne, alif yanka ki yake, na gida shi ne ya fi kowa haɗari. In kin ga ruwa ko ƙurji, ki je a duba ki tun kina iya hawa mashin, ko da duk garinku na zaune a layin. Na je na faɗa wa 'yan gidanmu haka, wasu suka bi ni aka gwada su, wasu suka ce Talatu ta tuba ta zama malama. Ɗakin Asabe kuwa tun kafin a yi bakwai aka zuba wata.

Bayan ƙaramar sallar da ta biyo, ranar kasuwa, ina tsaka da suya, wata tsohuwa ta tsaya a gabana da yarinya riƙe da gefen zaninta. Daga ganin ƙafafunsu ka san daga jirgi suka sauko. Ta gaishe ni, ta kwance bakin zani ta fito da ɗan hoto da ya sha hannu. Ta ce, "Ɗiyata, don Allah ko kin san wagga? Atamfa take saidawa nan kasuwa. Sallah biyu ke nan ba ta taho gida ba."

Asabe ce. Cikin hijabi, tana dariya, ta ɗora yarinyar a cinya.

Tsohuwar ta faɗi sunanta na yanka. Ranar na fara jinsa, suna mai daɗi, ba zan rubuta shi a nan ba. Man da ke kasko yana ta ƙonewa, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga yarinyar, haƙoranta na gaba sun fito sababbi, tana kallon bakina tana jira. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ji kamar hannuna na kan ƙirjin nan har yanzu.

Na ce, "Ban san ta ba, Inna."

Ta gyaɗa kai, da alama ta saba jin haka tun safe. Na zaunar da su a bencina, na zuba musu kifi da ruwa, yarinyar ta ci sosai. Da za su tashi tsohuwar ta sa mini albarka, ta ce, "Ke kina nan kullum, wataƙila ta gitta. In kin gan ta ki ce mata ba mu yi hushi ba. In jarin ne ya karye, ta taho hakanan hannu sake. Ba atamfa muke so ba."

Na ce, "To, Inna."

Suka nufi layin 'yan atamfa. Yarinyar ce ta karɓi hoton, tana gaba, tana miƙa wa duk wanda suka tarar.